Hular Jan Garwashi

Ranar wata Laraba ce, rana ta sunkuya bayan babban dutsen garin mai aman wuta da hayaƙi, layin ya yi shiru irin na lokacin da kowa ya shige gida neman abin kaiwa baka. Herlinda tana madafa tana juya wainar masara a kasko. Mijinta Anselmo ya ajiye tasinsa a ƙofar gida, yana wanke hannu a bakin famfo. 'Yarsu tilo Nayeli, mai shekara goma sha bakwai, tana zaune a tsakar gida da littafi a cinya, domin saura wata biyu ta zauna jarrabawar shiga makarantar jinya ta nan birnin Puebla.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Anselmo ya fita da niyyar zagin 'ya'yan maƙwabta, ya tarar da layi babu ko kare. Kafin ya rufe ƙofa dutse na biyu ya faɗo tsakar gida, daga sama tsaye, ba daga gefen katanga ba. Herlinda ta ɗauka, nan take ta yar, don zafinsa kamar yanzu aka ciro shi daga murhu. Daga nan suka fara jin wata ƙara can ƙasa-ƙasa, kamar dubban mutane suna ihu daga nesa, tana tashi tana sauka. Suka duba rediyo, a kashe take. Daga tankin ruwa na saman ɗaki ƙarar take fitowa. Da suka waiwaya sai suka ga littafin Nayeli a ƙasa. Ita kuwa ta karkata kai tana saurare, tana buga ƙafa sannu a hankali, a bakinta wani murmushi da ba nata ba.

Lahadin da ta wuce ne Anselmo ya kai su gidan tarihin da aka buɗe a tsohuwar sinima ta bayan kasuwa. Ba na sarakuna da yaƙe-yaƙe ba ne. Kayan nishaɗin mutanen da ne aka tara: faya-fayan garmaho, rigunan mawaƙa masu walƙiya, hotunan fina-finai, 'yan tsana, littattafan zane da yara ke ɓoyewa cikin jakar makaranta. Herlinda ta tsaya gaban wata tsohuwar talabijin irin ta gidan uwarta har ta share ƙwalla. Shi kuwa Anselmo, ɗakin ƙarshe ne ya riƙe shi, inda aka jera hulunan rufe fuska na 'yan kokawa a cikin akwatunan gilashi. A kusurwa akwai wata ja mai baƙin zane a kewayen idanu, ta wani gwani da ake kira Jan Garwashi.

Yana ɗan shekara tara ubansa ya ɗora shi a wuya ya kalli wannan mutumi yana dira daga saman igiyar da ta kewaye filin kokawa a kan ƙarti biyu. Ya ba Nayeli labarin, ita kuma ta yi ta tsokanarsa, wai shi da ko buhun masara ba ya ɗagawa sai ya kwana uku yana nishi. Don ya rama, sai ya koya mata kirarin da taro ke yi wa gwanin, ana tafi uku ana kiran sunansa. Ta yi, cikin dariya, da muryarta mai zaƙi, har sau uku. Tsohon da ke gadin ɗakin ya taso daga kujerarsa ya ce a daina, ba a yin haka a nan. Herlinda kaɗai ta lura gilashin ya yi gumi daga ciki, kamar wani ya huro masa numfashi. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Tun daga wannan Laraba gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da rana Nayeli takan kwanta kamar ruwa ya cinye ta, ba magana. Da inuwar katanga ta kai bakin famfo sai duwatsu su fara, ihun nan ya taso, ita kuma ta miƙe. Yarinyar da a da waina biyu ke isar ta, yanzu tukunyar wake take cinyewa da hannu ta nemi ƙari. Ta daina yarda a ga fuskarta. Ta ɗauki rigar matashi ta huda wurin idanu ta kifa a kai, wanda duk ya kai hannu zai cire sai ya tsinci kansa a ƙasa. Uban ma sau biyu ta jefa shi kan kujeru, shi da ya ninka ta nauyi.

Suka kai ta asibiti, aka ɗebi jini aka ɗauki hoton kai, likita ya ce gajiyar karatu ce, ya rubuta maganin barci. Ta sha ƙwaya huɗu ba ta runtsa ba. Limamin cocin unguwa ya zo ya yayyafa ruwa mai tsarki, yana cikin addu'a dutse ya fasa kwanon da ke hannunsa. Maƙwabta suka fara tsallakawa ɗaya gefen titi idan za su wuce. Anselmo ya daina fita aiki, tasi ta yi ta zama a ƙofar gida har tayar baya ta sace.

A kwana na goma sha shida ta hau saman ɗaki. Herlinda ta fito daga wanka ta hange ta tsaye a bakin rufi, hannuwa a buɗe, tana jinjina wa taron da babu shi. Kafin uwar ta buɗe baki yarinya ta diro. Igiyar shanya ce ta tare ta, ƙashin kafaɗa kawai ya karye. Da suka ɗaga ta, dariya take yi da muryar namiji, tana neman hanyar sake hawa. Ranar suka ɗaure ta a gado da zannuwa, uwar na ɗaurewa tana kuka tana ba ta haƙuri.

Da suka fito Herlinda ta dubi mijinta ta ce, "Tsoho, kai ka sa mata sunan nan a baki. Ban ce da gangan ba ne. Amma idan ta sake dira, makara biyu za ka saya."

Washegari da sassafe ya tafi gidan tarihin. Tsohon mai gadi, Don Lauro, bai bari ya gama bayani ba. Ya ce tun ranar da suka zo hular ta yi laushi kamar tsumma, alhali shekara goma sha ɗaya tana tsaye kamar da kai a ciki. Ya ce mai ita ya mutu ne a ɗaure, yana roƙon a cire masa hular, alhali ba ta kansa. Sannan ya rubuta masa kwatancen wata mata a garin Cholula, ya buɗe akwatin ya naɗe hular cikin jarida ya miƙa masa, ya ce in sun kore shi daga aiki su kore shi.

Matar, Donya Amparo, tsohuwar ungozoma ce, gajera, mai tabarau, ɗakinta cike da littattafan kakanta waɗanda gara ta ci gefensu. Ta iso gidan da la'asar. Ta kunna turaren ƙaro a kusurwa huɗu, ta shafa ɗanyen ƙwai a jikin yarinyar daga goshi har tafin ƙafa, ta fasa cikin kofin ruwa. Ƙwan ya fito a dafe. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ja kujera ta zauna a gefen gado da carbinta, tana karatu ƙasa-ƙasa, har inuwa ta kai bakin famfo.

Duwatsu suka fara. Abin da ke kan gado ya juyo da kai, ya yi magana daga cikin rigar matashin, murya mai kauri kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Ya tambaya wace ce wannan tsohuwar da aka ba kujerar gaba.

Donya Amparo ta ce, "Wadda ta karɓi haihuwar rabin garin nan. Kai ne mai hular?"

Ya yi dariya. Ya ce mai hular ɗan mahauci ne mai raunin gwiwa, shi ya ɗauke shi shekara ashirin da biyu yana tashi da shi sama. Ya ce shi ya girmi filin kokawar, ya girmi cocin da ke kan tudu. Duk inda mutane suka taru suna ihu a kan mutum biyu, nan ne wurin cin abincinsa. Aka zo aka rufe shi a gilashi, ana wucewa ana ɗaukar sa hoto, yara na shan alewa a gabansa, babu mai kiran sa. Sai wannan yarinyar ta kira, sau uku, yadda ake kira. Saboda haka tasa ce.

Tsohuwar ta ce ba tasa ba ce, yarinya ce ta yi wasa da ubanta. Ya ce to a ba shi ita shekara bakwai. Ta ce ko kwana bakwai jikin ba zai kai ba, kuma shi ma ya sani. Ya ce shekara ɗaya. Ta ci gaba da jan carbi kamar ba ta ji ba. Can ta ɗago ta tambaye shi ko har yanzu yana bin dokar fili, wadda ta ce wanda aka danne har ƙirga uku sai ya cire hula, ya faɗi sunansa na gaskiya, ya bar fagen har abada.

Nan take duwatsun suka tsaya.

"Ba a taɓa danne ni ba," in ji shi. "A kawo mini taro, a kawo abokin karawa. In na yi nasara, yarinya tawa ce, ba mai sake zuwa da turare."

Anselmo ne ya ce shi zai kara. Herlinda ta kama rigarsa, ya cire hannunta a hankali.

Wuni guda Herlinda ta yi tana bin gidajen layi tana roƙo, har da waɗanda suka daina amsa gaisuwarta. A wasu ƙofofin ta durƙusa. Mutum kusan arba'in suka zo, wasu don tausayi, wasu don ganin ƙwaf. Donya Amparo ta tsaya a bakin ƙofa, duk wanda zai shiga sai ta riƙe hannunsa ta gaya masa magana ɗaya: komai ya gani, kada ya yi ihu, kada ya yi tafi, ko salati kada ya fito daga bakinsa. Wanda ya san ba zai iya ba ya koma gida. Ga Anselmo kuwa ta ce kada ya kai duka ko ɗaya, jikin 'yarsa ne. Ya kama kawai, ya riƙe.

Aka shimfiɗa katifu a tsakar gida, aka kwance yarinyar, aka sa mata jar hular. Ta shigo tana taku irin na ƙaton namiji, karyayyar kafaɗar ma ba ta dame ta ba. Ta ɗaga hannu tana jiran kirari. Babu wanda ya motsa.

Karon farko ta ɗaga uban sama ta maka shi da ƙasa. Kowa ya ji ƙarar haƙarƙarinsa. Herlinda ta cusa gyalenta a baki ta cije. Ya tashi, aka sake maka shi. Ya tashi na uku, jini na zuba daga girarsa, ido ɗaya ya rufe. Abin ya riƙa zagaya mutane yana zaginsu, yana cewa gumaka ne su ko gawarwaki, a kira sunansa, ko tsinuwa ce a yi masa. Wata mata ta sume aka tare ta ba tare da an ce uffan ba. Ihun tankin ruwa ya fara ja baya, kamar taro yana watsewa.

A karo na biyar dukan ya yi sauƙi. A na shida Anselmo ya samu ya rungume ta ta gaba, ya sarƙe hannuwansa a bayanta, suka faɗi tare, ya sa gwiwar hannunsa ƙasa don kada nauyinsa ya hau kafaɗarta. Ta cije shi a wuya, bai saki ba. Yana ta raɗa mata sunanta a kunne. Donya Amparo ta durƙusa da ƙyar, ta bugi katifa da tafin hannu sau ɗaya, sau biyu, sau uku.

"An cuce ni," muryar ta ce, yanzu siririya kamar ta mai jinya.

Donya Amparo ta ce, "Taro ka nema, ga taro. Ba ka ce su yi ihu ba. Cire."

Ya roƙi abu ɗaya, kada a mayar da shi gilashi. Ta yi masa alkawarin za ta binne hular da hannunta a gindin dutsen nan mai hayaƙi, inda tsawa ke yawan sauka, ya riƙa jin ta a madadin ihun taro. Hannun yarinyar ya tashi ya kwance igiyar ƙeya. Tsohuwar ta kai kunne, aka faɗa mata sunan da har ta mutu ba ta maimaita wa kowa ba. Wata iska mai ɗumi ta bi ta tsakanin ƙafafun mutane ta fice ta ƙofa, kyandirori suka kwanta suka tashi.

Nayeli ta buɗe ido. Ta ce kafaɗarta na ciwo, ta tambayi me mutane suke yi a gidansu. Sannan ta ga fuskar da ke kanta, a kumbure, jini ya bushe a gemu.

"Baba, wa ya yi maka haka?"

Anselmo ya so ya yi dariya, haƙarƙari ya hana shi. Ya share mata gumin goshi da bayan hannu.

"Wani ƙato ne, 'yata," ya ce. "Amma ni na kayar da shi. Tambayi mamanki, tana wurin."