Na'urar da Ta Tsani Jarkoki

Kumandan Almustapha bai ko bari Sufeto Baƙo ya zauna ba. An sace faifan na'urar da ke nazarin hotunan jiragen leƙen asiri tana ba shi shawarar inda zai tura sojoji a bakin kogin Komadugu. Gobe ake shirin kai farmaki, ga na'ura ta zama kurma.

Baƙo ya duba biron, wato ofishin da na'urar take. Ba a fasa ƙofa ba. Faifai guda kawai aka cire, aka maida kusoshin a tsanake. Ɓarawo ba ya tausayin ƙarfe haka.

Hauwa, mataimakiyar injiniya, ta rantse ba ta da makulli. Da ya matsa mata, ta ce jiya na'urar ta shafa wa wani wuri kusa da kogi ja a taswira, alamar a kai farmaki, saboda tarin jarkokin mai.

"Wa ya koya mata tsanar jarka?"

"Injiniya Zarami, Shef. Shi ya ƙera ta."

Zarami, matashi mai jajayen idanu, ya ce kwana biyu bai fita daga Diffa ba. Baƙo ya gaji da rantsuwa, ya nemi ganin motarsa. Yana buɗe ƙofa atishawa ta kama shi. Kujerar baya duk garin tattasai, tayoyi duk laka.

"A biro ake shanya tattasai yanzu?"

Zarami ya jingina da motar. Ya ce shi ya koya wa na'urar cewa tarin jarkoki guzurin mayaƙa ne, ya manta manoman tattasai ma da mai suke tada injin ban-ruwa. Ya je ya gani da idonsa: mata ne da tsofaffi. Sau biyu ya gaya wa Kumandan, aka ce masa na'ura ba ta da dangi, ba ta son kai.

"Ina faifan?"

"Yana cikin kogi, Shef."

Baƙo ya ji kamar ya mare shi, ya ji kamar ya rungume shi. Ya sa masa ankwa a hankali.

Suna wucewa, Kumandan ya tambaya a fusace wa zai gaya masa abin da ke bakin kogin yanzu.

"Ga wanda ya je ya gani," in ji Baƙo. "Za ka same shi a komisariya, wajen 'yan sanda, in kana son jin sa kafin gobe."