Shuɗin Zare a Jakar Injiniya

Wallahi da idona na gani! Idon nan na hagu da likita ya ce ya mutu, ƙarya yake yi, da shi na kalli komai tun daga farko. Ni ne maƙwabcinsu, bango ɗaya ya raba mu, kuma bangon nan ko tari suka yi sai ya kawo mini rahoto.

Wata Lahadi da hantsi Madam Guga ta shimfiɗa taswira a kan teburin falo, ta danne gefunan da kofuna huɗu. Shagon wanki da guga gare ta a bakin titi, shi ya jawo mata sunan, har manyan otal ita ke wanke musu tawul da zannuwan gado. Mijinta kuwa Injiniya, mai gyaran wutar lantarki. Injiniyan baki ne, karatunsa bai fi nawa ba. Shekara tara da aure ba su taɓa zuwa ko nan da can ba, yanzu ga tikiti biyu, tsibiri uku, kwana goma.

"Ka gani? Nan za mu fara sauka, mai farin yashi," ta ce tana bin taswirar da yatsa. "Kwana uku, sai mu hau kwale-kwale zuwa na kunkuru. Awa biyu ne kacal a kan ruwa."

"Awa biyu," in ji Injiniya.

"Daga nan sai mai duwatsu. Can ne ake ba mutum tabarau ya shiga ruwa yana kallon kifi. Har na yi mana bukin, na kama mana wuri!"

"Babu gada?"

"Gada a teku? Kai dai ba ka rabo da wasa."

Ya yi dariyar yaƙe, ya share goshi, ya ce ya tuna akwai wani aiki. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fice. Ranar Lahadi fa!

Tun daga ranar, ƙarfe huɗu na yi sai Injiniya ya ɓace. Ya dawo ƙarfe shida a wanke tas, ido jawur, ya zube a kujera kamar wanda ya yi dako. Da wata matar ce, da ba za ta lura ba. Amma hancin Madam Guga shekara goma sha biyu yana aiki. Ta zo karɓar jakarsa, sai ta ji shi: warin bilic. Ba irin na gida ba, mai ƙarfin nan da ake sa wa kayan otal.

Washegari yana banɗaki ta buɗe jakar. Ƙarƙashin filaya da salatif ga ɗan tawul a jiƙe, a kusurwarsa an ɗinka shuɗin zare. Ita da hannunta ta ɗinka shi! Kowane otal da kalar zarensa don kada kaya su cakuɗe mata, shuɗi kuwa na babban otal ɗin nan ne na bayan shataletale.

Sai da ta dafa bango. Sannan ta yi abin da ya kusa cinye mata gida, ta kira Yayarta.

Yaya ita ta rene ta bayan rasuwar uwarsu, har yau Auta take kiranta. Kuma tun ranar da ta ji zancen tsibiran nan bakinta bai koma daidai ba. Kafin shayi ya huce ta iso.

"Na faɗa miki ko ban faɗa miki ba? Otal! Da rana tsaka! Ke kina can kina goge musu zanen gado, su suna yamutsawa!"

"Yaya, don Allah..."

"Don Allah me? Wannan ne za ki ɗauka ki kai shi shan iska? Mu da muka yi kashinki da fitsarinki ko bakin rafi ba a kai mu ba. Ki kira ejan ɗin nan da ya yankar muku tikiti ya cire sunansa. Kujerar jirgi ba za ta tafi a banza ba, fasfona yana nan da rai."

Ejan ya ce ana iya canza suna, amma daga ƙarfe shida na yammacin Alhamis ta sama an rufe. Madam Guga ta ce za ta yi tunani.

Da Injiniya ya dawo ta tare shi a ƙofar kicin.

"Ina kake zuwa?"

"Aiki."

"Wace irin wuta ce wannan da ba ta lalacewa sai ƙarfe huɗu daidai? Agogo gare ta?"

Ya sunkuyar da kai. "Madam, ki ba ni kwana goma."

"In ba ka kwana goma ka gama da ita, ko ka kawo mini ita?"

"Wa?"

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Kukan da ta yi, bangona ma sai da ya yi laushi.

To, kwanakin nan ba ta ci ba ta sha. In motar otal ta kawo kayan shuɗin zare, ba ta barin ma'aikata su taɓa. Ita za ta kwance ƙullin, ta ɗauki rigar filo ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa ko za ta ji turarensa. Ta ga jan baki a wata, ta ce budurwar tasa doguwa ce fara. Ta ga dogon gashi a wata, ta ce a'a, gajeriya ce mai ƙarin gashi. Kafin Laraba ta ƙera mata goma sha ɗaya a ranta, kowacce ta fi ta kyau, kowacce tana zaune a kwale-kwalenta tana kallon kunkurunta. Har zane guda ta ƙona da dutsen guga, abin da ba ta taɓa yi ba. Amma duk da haka in ta dawo gida sai ta ajiye masa abinci a kula, ta koma gefe. Yaya na kira safe da yamma, ita kuma tana cewa, "Bari dai, Yaya."

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu da rabi sai ga Yaya da akwati, da fasfo, da wata malafa mai faɗin faranti wai ta bakin teku. Ta danna lambar ejan ta miƙa mata wayar.

"Yi magana, Auta. Lokaci na tafiya."

Madam Guga ta kalli wayar, ta kalli malafar, ta kashe kiran.

"Shekara tara bai taɓa yi mini ƙarya ba sai watan nan. Ba zan cire sunansa a kan wari ba. Sai na gani."

Suka ce a tafi da dattijo don shaida. Wane dattijo ne a layin nan in ba ni ba? Na shige gaban tasi.

A otal mai karɓar baƙi ya san ta. "A'a, Madam! Wurin maigida kika zo? Yana baya."

"Ka ji ko? Har sun san shi!" in ji Yaya. "Ɗaki na nawa?"

"Ba ɗaki ba, Hajiya. Ku miƙe, ku bi ta ƙofar gilashi."

Muka miƙe. Muka tura ƙofar gilashi. Jama'a!

Wurin ninkaya ne, warin bilic har yana yanka ido. Can ɓangaren da ruwa bai wuce cibiya ba, ga Injiniya, ƙato guda mai gemu, an zura masa tiyub mai kan agwagwa a ƙugu, ya rungume ƙarfen gefe yana dukan ruwa da ƙafa. Wani tsoho mai sanƙo da usur a baki yana tsaye a kansa.

"Saki ƙarfen! Ka saki mana, ba wayar wuta ba ce!"

"Malam, zan nutse!"

"A ruwan da ko akuya ba zai ci ba?"

Injiniya ya ɗago ya ga matarsa. Tsabar kunya ya saki ƙarfen, ya yi ƙasa, ya taso yana tari.

Madam Guga ta durƙusa a bakin ruwan, zanenta na jiƙewa. "Wannan ce? Wannan ce nake ta yi wa kuka?"

"Ina da shekara bakwai na faɗa rijiya," ya ce yana haki. "Tun daga nan ko baho ba na cikawa. Na ga yadda kike kallon taswirar nan, ta yaya zan ce miki ba zan iya hawa kwale-kwale ba? Na ce in koya a ɓoye, in ba ki mamaki."

"Ai ka ba ni! Saura kaɗan in tafi da Yaya!"

Ya kalli Yaya, ya kalli malafar. "Sannu da zuwa, Yaya. Tafiya za a yi?"

"Ni dama rana ce ta dame ni," in ji Yaya, ta juya ta fice tana tsaki.

Madam Guga tana dariya tana hawaye. Ta ce wa mai usur, "Malam, ci gaba da shi. Ina nan zaune, ba zan tashi ba sai ya ƙetare."

Ya ƙetare kuwa, sau ɗaya, ya sha rabin ruwan otal a hanya. Ƙarfe shida ta buga sunansa yana nan a kan tikiti. Suka tafi, suka zaga tsibiransu uku, suka dawo rana ta mai da su baƙi ƙirin, suna ta annashuwa kamar sabon aure.

To ku 'yan mata da samari, ku ji ni da kyau. Zargi in ya shiga gida, kada ku kira mai son kujerarku ya taya ku duba shi. Ku yi haƙuri ku tabbatar tukuna, kamar yadda ta yi. Ku kuma maza, tsoro ba abin kunya ba ne a gaban matarka. Ɓoye shi ne ya kusa raba mutumin nan da iyalinsa.

Duk wannan haka aka yi, ko a gaban alƙali zan maimaita. Sai dai agwagwar. Tiyub ɗin baƙi ne na mota, ni na sa masa kai da baki, don na ga ya fi dacewa da gemunsa.