Tazarar Yatsa Ɗaya

"Ki sauke shi!"

Muryar Umma ta daki bangon ɗakin nunin zane-zane ta dawo. Auta ta juyo da tsumma a hannu, duk yatsunta shuɗin fenti.

"Ina kwana, Umma..."

"Riƙe gaisuwarki. Na ce ki sauke zanen nan daga bangon nan!"

Umma ita ce mahaifiyar Mai Firam, mutumin da ya shekara uku yana neman auren Auta. A bayanta 'yar ƙanwarta ce tsaye ta harɗe hannuwa, wadda kowa ke kira Sakatariya, domin ita ke zaune a ofishin gidan nunin, ita kuma ke rubuta 'yar takardar bayanin da ake liƙawa a gefen kowane zane. Gobe za a buɗe nunin, na farko a rayuwar Auta.

Can bakin ƙofa kuwa Mai Firam ɗin ne tsaye, da tef ɗin awo a hannu, kamar wanda aka dasa.

Zanen ya kusa tsawon mutum. Wata bakwai ta yi a kansa da fentin mai. Wata mace ce zaune a kan kujera, idanunta duk gajiya, burushi a cinyarta, fitila na ci a gefenta da rana tsaka. Daga bayanta hannuwan namiji biyu sun ɗago firam na katako sun kewaye ta da shi. Ba a ga fuskarsa ba. Amma a babban yatsansa na dama akwai tabon zarto, kuma duk wanda ya san Mai Firam ya san tabon nan.

"Karanta mata, ko ta manta abin da ta zana," in ji Umma.

Sakatariya ta gyara murya, ta karanto takardar da ta liƙa.

"Macen ita ce mai zanen. Firam ɗin keji ne. Hannuwan kuma na namijin da zai kulle ta da sunan aure. Fitilar ita ce basirarta da ke ƙonewa a banza."

Ta ɗago ido, har da ɗan murmushi.

"Ni dai abin da na gani na rubuta, Umma. Aikina ke nan."

"Ɗana ne keji?" Umma ta dafe ƙirji. "Ɗan da ya hana kansa sakat a kanki? Na haƙura da warin tinar wanke fenti, na haƙura da surukar da ke wuni tana zana mutane, sai kuma ki rataye shi a bango duniya ta zo ta yi dariya?"

Auta ba Umma take kallo ba. Shi take kallo.

Ya tako a hankali, muryarsa can ƙasa.

"Haskena... haka ne?"

Ta ƙura masa ido.

"Kai ma sai ka tambaya?"

"Kalma ɗaya kawai nake so."

"Ba na fassara zanena. Ga shi nan, mai ido ya kalla."

"Ka ji ko?" Umma ta ja mayafinta. "To ki ji da kyau. In aka buɗe wurin nan gobe zanen nan yana rataye, ki manta da hanyar gidana. Kai kuma wuce mu tafi!"

Ya sake duban Auta. Sai ya bi bayan mahaifiyarsa.

*

Da la'asar Yayarta ta same ta a garejin da ta mayar ɗakin aiki, zaune a ƙasa tana wanke burusa a gwangwani. Ko abincin da aka ajiye mata ba ta buɗe ba.

"Ke dai Auta, da taurin kai ana ba shi digiri, da kin haɗa biyu."

"Yaya, don Allah... na gaji."

"Kin gaji da me? Baki ne da ke. Ki kira bawan Allahn nan ki ce masa ba haka ba ne, shi ke nan!"

"Shekara nawa ina bayani?" Ta matse burushin har ruwan ya koma baƙi. "Na yi wa Baba bayani kafin ya bar ni na karanci zane. Na yi wa Gwaggo bayani cewa ba hauka ba ne. Na yi wa masu gidajen nuni huɗu bayani, suna duba agogo. Duk wanda ya shigo garejin nan sai ya toshe hanci ya ce, wannan kuma me yake nufi? Mutum ɗaya ne bai taɓa tambayata ba. Yau shi ma ya tambaya."

Yaya ta zauna a kan wani tsohon bokitin fenti, ta yi saurin miƙewa ta duba bayan zaninta.

"Ya bushe, Yaya."

"A ɗakin nan ba abin da ke bushewa. Ko zuciyar mai ɗakin jiƙe take, tana ta cika baki."

Auta ta so ta yi dariya, hawaye suka riga ta.

Ta tuna ranar da suka fara haɗuwa da Mai Firam. Ta kai masa zanenta na farko shagonsa, da ta dawo karɓa sai ta tarar ya bar fili tsakanin katakon da ƙyallen zanen, ta kowane gefe. Ta hau shi da faɗa a gaban mutane, wai ko awo bai iya ba. Ya bari sai da ta gama. Sannan ya sa yatsansa a cikin filin ya zagaya da shi.

"Malama, da gangan ne. Fentin mai yana daɗewa bai gama bushewa ba. In katako ya matse shi ko gilashi ya danne shi, ya lalace. Ni tazarar yatsa ɗaya nake bari. Aikin firam ya riƙe, ba ya matse ba."

Ranar ta koma gida da kunya. Bayan sati ta sake kai masa wani zanen da ko buƙatar firam ba ya yi.

"To yanzu me za ki yi?" Yaya ta katse ta.

"Zanen yana nan inda yake."

"Ko da za ki rasa shi?"

Auta ta jera burusan a kan tsumma ɗaya bayan ɗaya.

"In wata bakwai na aikina bai isar masa da saƙon ba, Yaya, bakina ba zai isar ba."

*

Washegari da hantsi ta isa gidan nunin, idanunta a kumbure. Saura awa biyu a buɗe ƙofa. Niyyarta ta ɓanɓare takardar Sakatariya kawai, ta tsaya gefen zanenta ta jira abin da zai zo.

Sai ta tarar da Mai Firam.

Ya sauke zanen ya jingina da bango, ya durƙusa a gabansa. Ga sabon firam a gefe, ga ƙusoshi a bakinsa.

Ta tsaya cak.

"Har ka sauke mata shi?"

Ya cire ƙusoshin. "Firam na zo sawa. Na karɓi aiki, dole na cika."

"To cika ka tafi."

Bai motsa ba. Idonsa na kan zanen.

"Na zo da fushi, Auta. Na ce zan sa in fita, ko kallonsa ba zan yi ba. Amma kin san idon mai sana'a... ina ɗaga kai sai na ga firam ɗin da ke cikin zanen. Na ce bari in ga ko ta iya haɗa kusurwa."

Ya ƙara matsawa kusa da zanen.

"Sai na ga babu gilashi."

Ya ɗaga hannu, ya kai yatsansa tsakanin katakon da aka zana da kafaɗar matar. Yatsan ya zauna daidai. Ya gwada ta sama, ya gwada ta ɗaya gefen.

"Yatsa ɗaya..." in ji shi. "Ko'ina yatsa ɗaya. Bai taɓa ta ba ko ta ina. Riƙe ta ya yi."

Auta ta juya masa baya, don kada ya ga fuskarta.

"Sai yau ka gani?"

"Jiya takarda na saurara, ban kalli zanen ba. Ki yafe min, Haskena."

"Ka tambaye ni a gabansu..."

"Na sani."

"A gabanta!"

"Na sani. Wallahi na sani."

"Fitilar fa?" ya ce yana nuna ta. "Me ya sa take ci da rana?"

Ta share ido da bayan hannu. "Ka ga ka koma tambaya."

"A'a, tsaya... ta shagona ce. Ga hannunta da na ɗaure da waya. Wadda na kawo miki da tagar garejin ta ƙi ba ki haske."

Ƙarar takalmi ta katse su. Umma ce, Sakatariya na biye. Ganin zanen a ƙasa ya sa Sakatariya ta saki fuska.

"Alhamdu lillahi, Umma, an sauke."

"Mayar da shi zan yi," in ji Mai Firam. "Umma, zo ki gani, don Allah."

Ya nuna mata tazarar, ya faɗi abin da take nufi a wurinsa. Umma ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ta san tazarar nan. Hoton marigayi mijinta da ke ɗakinta, haka ɗanta ya yi masa firam, ita ma sai da ta yi masa faɗa a kai.

Ta miƙe ta dubi 'yar ƙanwarta.

"Ke, kin tambaye ta kafin ki rubuta?"

"Umma, ai kowa da yadda yake fahimtar zane..."

"Kowa da yadda yake so ya fahimta dai. Cire takardar nan da hannunki. Za mu yi magana a gida."

Sakatariya ta ɓanɓare ta, ta fice ko waiwaye babu.

Umma ta juyo kan Auta, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke kuma, bakinki ciwo yake yi? Jiya da kin faɗa, da wa ya mutu?"

"Ki yi haƙuri, Umma. Na gaji ne."

"Kin gaji..." Umma ta yi ajiyar zuciya. "Ga shi nan a idon matar, ai ba sai kin faɗa ba. To a rataye shi. Amma in kin shigo gidana, tinar nan a bakin ƙofa za ta tsaya, kin ji?"

"Na ji, Umma."

Sai da Umma ta ba da baya Mai Firam ya dubi hannunsa, ya zaro ido. Kan yatsansa ya yi shuɗi. Wurin tazarar ne Auta ta yi wa fenti a ƙarshe, kwana uku da suka wuce, bai bushe ba. Ga shaidar yatsansa nan ɓaro-ɓaro, daidai kafaɗar matar.

"Innalillahi! Na ɓata miki aiki. Ina burushi? Ko za ki iya gyarawa kafin a buɗe?"

Auta ta durƙusa ta kalli wurin. A karon farko cikin kwana biyu kafaɗunta suka sauka.

"Mai firam guda, ka taɓa ɗanyen fenti?"

"Auta, don Allah..."

"Bar shi haka."

Ta miƙa masa gudumarsa.

"Sa firam ɗinka. Mutane sun kusa zuwa."