Ƙwaƙwalwarta Ƙarama Ce

Auta ta hau bene na biyu rungume da 'yar kwamfutar falonsu, wadda ba ta fi girman tafin hannu biyu ba. A ƙarƙashin talabijin take zama, kuma duk bidiyon gidan a cikinta suke, har da na marigayiya Mama. Kwanan nan sai ta dinga sarƙewa ana cikin kallo, fankarta na kuka.

Mai shagon kwamfuta na ƙasan benen, wanda ya daɗe yana zaryar gaida Baba saboda Auta, ya ce a yar da ita, zai kawo sabuwa kyauta. Kowa a gida ya yarda sabo ya fi tsoho, ko da yake ba wanda ya taɓa aunawa.

Mai gyaran da ke saman bene kuwa bai ce a yar ba. Ya ɗago ido, ya manta da sukurdirebar da ke hannunsa, sannan ya tambayi me suke kallo da ita. Kafin ya taɓa komai sai da ya kwafe bidiyon Mama. Ya ce abu uku ake iya canzawa, ram, wato ƙwaƙwalwarta, da faifan ajiya da fanka, amma kada a yi gaggawa, a fara gano wanne ne ciwon.

Gano ciwon ya ci wata biyu. Kafin nan ta koma kiransa Injiniyana.

Da maganar ta kai kunnen Baba, sai ya sa Yaya ya ɗan auna saurayin. Yaya, mutum mai rowar kalmomi, ya tura masa: "Baba na tambaya, tsakani da Allah yaya ka gan ta?"

Amsa ta zo nan take: "Gaskiya ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, tana saurin ɗaukar zafi, ga yawan ƙara. Ta ɗan kwana biyu kuma. Amma in an yi mata 'yan gyare-gyare za a more ta shekara biyar."

Gwaggo ce ta karanta a tsakiyar falo, har sau biyu. Baba ya ce kada ya sake jin sunan yaron a gidansa. Washegari mai shagon ƙasa ya iso da ƙaton kwalin sabuwar kwamfuta da murmushi.

Kwana uku Auta ba ta ci abincin kirki ba. Shi ya ce ta kwana biyu? In ta ɗauki waya sai ta sake ajiyewa. Ga Baba ya fara yabon hankalin mai kwali. A rana ta huɗu tana share ƙarƙashin talabijin, ta ga gurbin kwamfutar babu komai, tsintsiyar ta faɗi daga hannunta.

Ta rubuta wa Injiniyan nata: "Wace ce mai ƙaramar ƙwaƙwalwa?"

"Ta falonku mana. Giga huɗu ce kacal, na samo mata takwas. Autar zuciyata, shirunki ya hana ni aiki. Me na yi?"

Da ta nuna wa Baba, ya ce wayon samari ne, an shirya amsar. Ta roƙe shi ya kira saurayin ko sau ɗaya.

Injiniyan ya zo da kwamfutar, ya durƙusa, gumi na bin wuyansa. A gabansu ya sa ram, ya canza fanka. Faifan kuwa ya ce lafiyarsa lau, ba dalilin taɓa shi. Auta na bayan labule tana matse yatsu. Mama ta bayyana a talabijin tana dariya, ba sarƙewa ko ɗaya.

"Ita ɗayar fa," in ji Baba, "wane gyara za ka yi mata?"

"Babu, Baba. Ni nake zuwa wurinta gyara."

"Zafin dai tana ɗauka, a nan ba ka yi ƙarya ba. Turo magabatanka."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da aka zo tafiya da ita, Baba ya dafa kanta, ya ce Allah ya sa su fahimci juna ko da harshe ya kuskure, ya ba su zuri'a mai albarka. Gwaggo ta fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.