Man Keken Ɗinki a Birkin Baba

Babur ɗin Baba ya girmi Auta. Kullum da safe a kansa Baba yake kai ta makaranta. Da zarar ya taka birki a bakin ƙofa, sai babur ɗin ya tsala ihu, "Ƙiiiii!" Duk ɗalibai su waiwayo.

"Ga mai jiniya ta iso!" in ji wata 'yar ajinsu. Kowa ya kwashe da dariya.

Ran Auta ya ɓaci ƙwarai. Me ta yi musu? Ita ta ƙera babur ɗin?

Tana isa gida ta jefar da jaka.

"Baba, na gaji! Ko dai a gyara shi, ko in riƙa tafiya a ƙafa."

"Yi haƙuri, 'yar Baba. Ranar Asabar zan kai wa bakanike."

"Haka ka ce wancan makon!"

Baba ya yi murmushi ya shige ɗaki. Abin ya ƙara tunzura ta.

Can sai ta tuna wani abu. Duk lokacin da keken ɗinkin Mama ya fara ƙara, Mama takan ɗiga masa mai, ya yi shiru. Auta ta ɗauko kwalbar man. Ta tsuguna wajen tayar baya, ta tsiyaya shi ta wata 'yar kafa a jikin birkin. Ba ta gaya wa kowa ba.

Washegari suka kama hanya. A kan gangara, wasu awaki suka tsallaka titi. Baba ya taka birki. Shiru, babu ƙara. Auta ta fara murna.

Amma babur bai tsaya ba!

Baba ya damƙe birkin hannu, ya kauce, suka faɗa kan tulin yashi. Auta ba ta ji ciwo ba. Gwiwar Baba kuwa ta ɗaye, wandonsa ya yage.

Suka tura babur zuwa wurin bakanike. Ya kwance tayar, ya ciro wasu ƙarafa biyu masu lanƙwasa. Sun jiƙe sharkaf.

"Wane marar tausayi ne ya zuba mai a birki?" ya ce da ƙarfi. "Wannan ai neman rai ne!"

"Mai?" in ji Baba, idonsa ya yi ja. "Me na tare wa mutane?"

Auta ta dubi jinin da ke gwiwar Baba. Sai ta fashe da kuka.

"Ni ce, Baba. So nake ya daina ƙara."

"Ke? To da mota ce a gabanmu fa?"

Ta sunkuyar da kai.

Bakanike ya sassauta murya. "Duba nan, 'yata. Waɗannan ƙarafan su suke damƙe taya. Mai kuwa santsi yake sawa. Ƙura da tsatsa ne suka jawo ƙarar. Da gogewa da samfefa kawai ta isa. Yanzu sun sha mai, sai dai sababbi."

Ya wanke cikin tayar tas, ya ɗaura sababbi.

"Ka yafe mini, Baba."

"Na yafe. Ni ma da laifina, da na yi ta ɗaga gyaran."

Washegari babur ya tsaya cak a ƙofar makaranta, ko tari bai yi ba.

"Ina jiniyar?" in ji 'yar ajinsu.

"Ta yi ritaya," in ji Auta, ta wuce abinta.

Daga ranar Auta ta gane cewa fushi ba ya gyara. Abin da ba ta sani ba, sai ta tambayi manya kafin ta taɓa.