Ruwan Suracen Bilkis

Rana ta gangara bayan duwatsu. Inuwar baƙin dutsen da gidan Alhaji Abdulbaƙi ya jingina da shi ta miƙe a hankali har ta rufe tsakar gida. A unguwar Tahaggart ta garin Tamanrasset, a irin wannan lokaci, iska kan tsaya cak kamar ita ma tana jiran ladan. Talatu, matar Alhaji, tana durƙushe tana juya miyar kuka. 'Yar autarsu Bilkis tana zaune bakin ƙofar ɗaki, hannu ɗaya dafe da ƙirji, tana ja da numfashi. Alhaji yana alwala. Babu abin da ya raba wannan yamma da ta jiya sai abu guda: buta ta tafasa tun ɗazu, amma babu wanda ya tashi ya sauke ta.

Sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano.

Ya gangaro, ya tsaya. Shiru ya dawo. Alhaji ya ɗaga kai, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Na biyu ya faɗo, na uku ya sauka tsakar gida dab da tukunyar miya, ya yi ta juyi shi kaɗai kafin ya kwanta. Alhaji ya fita waje da takalmi ƙafa ɗaya, ya kewaye gidan kaf. Babu kowa a lungu, babu kowa a kan dutse. Da ya dawo ya ɗauki dutsen, sai ya sake shi da sauri, domin zafi gare shi kamar an ciro shi daga murhu.

Masu ba da labarin nan sun yi yawa a Tamanrasset, kowa da nasa ƙarin gishiri, amma ku tambaye su daga bakin wa suka ɗauka. Mafarinsa dai ba jifan ba ne.

Wata biyar kafin nan, Bilkis tana dawowa daga ganin dangi a Kano, motarsu ta mutu a rairayi tsakanin In Gezzam da Tamanrasset. Kwana huɗu suka yi a wurin. Ruwa ya ƙare a rana ta uku. Allah ya kawo wata babbar mota ta kwashe su, babu wanda ya rasu, kowa ya ce an auna arziki. Sai dai tun daga ranar, da zarar rana ta fara faɗuwa, gaban Bilkis sai ya shiga faɗuwa tare da ita. Zuciya ta riƙa bugawa, tafin hannu ya jiƙe, maƙogwaro ya bushe ko da randa tana gabanta. Abinci ya daina shiga. Barci sai an yi da gaske.

Maƙwabciyarsu Gwamma, 'yar Damagaram ce mai shara a wani farmasi, wato kantin magani, ita ta kawo wata 'yar kwalba wadda ba ta kai tsawon yatsa ba. Ta ce man wata ciyawa ce da Larabawa ke kira huzama, matar mai farmasin ita ma da shi take kwantar da hankalinta. A ɗiga uku a tasar ruwan zafi, yarinya ta lulluɓa da mayafi ta yi surace, tana shaƙa a hankali, tana fitarwa a hankali.

Abin ya karɓe ta. Bai cire mata ciwon ba, amma ya sassauta ɗaurin. Ta soma cin tuwo, ta soma barci, har wata rana aka ji ta yi dariya.

To, a garin da ruwa ke zuwa a jarka, Talatu ba za ta watsar da tasa guda a banza ba. Akwai wata tsaga a gindin baƙin dutsen inda ta shuka na'anar shayi. Kullum in an gama surace, ruwan ya huce, sai ta juye shi a can. Kwana arba'in tana haka.

Ranar ta arba'in da ɗaya Alhaji ya dawo daga sallar la'asar fuska a murtuke. Wani abokin sahunsa, wanda duk Faransancinsa bai wuce karanta lambar mota ba, ya duba kwalbar da Alhaji ya kai masa, ya juya ta sama da ƙasa, ya yanke hukunci cewa da barasa a ciki. Alhaji ya jefa ta cikin akwatin ƙarfe ya kulle. A wannan yammar ce buta ta tafasa babu mai saukewa, a ita ce kuma aka fara jifa.

Washegari da magariba aka sake. Jibi ma haka. Da an yi sallar isha'i sai ya tsaya, kamar mai aikin buro, wato ofis, da ya tashi daga aiki.

"Alhaji," in ji Talatu, "ka lura ranar da ka kulle kwalbar nan aka fara?"

"Na lura ƙamshinta ne ya kira su."

"Kwana arba'in ana ƙamshin ba su zo ba. Sai da aka daina?"

"Hanya suke, Talatu. Kin san nisan inda suka taso?"

Talatu ta koma gindin murhu. Ta ɗauki muciya ta shiga tuƙa tuwon da ya riga ya tuƙu.

Daga nan gidan ya zama kasuwar shawara. Wannan ta ce tazargade, waccan ta ce habbatus sauda, wani ya ce barkono a garwashi, shi ne ba sa so. Alhaji bai ƙi ta kowa ba. Kowace yamma sai a rufe Bilkis a ɗaki da kaskon hayaƙi, yarinyar da dama numfashinta ne ke sarƙewa. Ta riƙa bugun ƙofa tana tari, tana cewa, "Umma, ki buɗe, wallahi zan mutu." Alhaji yana tsaye a waje yana gyaɗa kai, wai abin yana aiki. A rana ta biyar, da jifan ya fasa randa, ya buɗe akwatin, ya ɗauki kwalbar, ya fita da ita bayan gida ya dake ta da dutse. Gwamma ta leƙo ta katanga ta ce, "Alhaji, ai da ka maido mini." Bai ko dube ta ba.

Rana ta bakwai, ba a yi jifa ba. Magariba ta shigo shiru, shirun da ya fi jifan nauyi. Talatu ta shiga ɗaki da fitila ta tarar da Bilkis zaune a ƙasa, ta tanƙwashe ƙafafu irin zaman tsofaffi, bayanta a duƙe, idanunta a buɗe ba ƙiftawa. Ta kira sunanta sau uku. Bakin yarinyar ya motsa, amma muryar da ta fito dusasshiya ce, ta tsohuwar da ta gaji da duniya, kuma da Buzanci ta fara, harshen da Bilkis ba ta san ko gaisuwarsa ba. Sannan ta juya Hausa.

"Ina ruwana?"

Fitilar ta suɓuce daga hannun Talatu.

Kwana biyu aka yi kafin a samo Malam Abdurrazak daga Abalessa. Mutumin Agadas ne, dattijo siriri mai lambun dabino, ƙasa ba ta fita daga farcensa. Ya iso da la'asar, ya ƙi shayi, ya ƙi tabarma. Ya zagaya gidan a hankali, ya tsaya gaban tsagar dutsen, ya daɗe yana kallon na'anar nan. Sannan ya ce a shiga da shi wurin yarinyar.

Ya zauna nesa kaɗan da Bilkis, uwa tana riƙe da kafaɗunta, uba yana bakin ƙofa. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Haske yana janyewa daga taga. Karatun ya yi tsawo, ɗakin ya yi sanyi, har Talatu ta ji haƙoranta suna haɗuwa. Can jikin yarinyar ya sandare.

"Ya isa," in ji muryar. "Kana ƙara mini ciwon kai."

"Wace ce ke?"

"Sunana ba na bakinku ba ne. Ina gindin dutsen nan tun kakan kakanka bai san raƙumi ba."

"An zuba miki ruwan zafi ne? An ƙona ki, ko an ƙona naki?"

"Wa ya ce an ƙona ni? Matar nan sai ruwa ya huce take zubawa, tana da hankali. Shi ne ba shi da shi." Yatsan Bilkis ya miƙe ya nuna Alhaji. Alhaji ya ja da baya har ya taka takalman mutane.

"To me aka yi miki?"

Muryar ta ƙara dusashewa. "Shekara tara ke nan da aka kawo katafila ana fasa duwatsun nan ana gini. 'Ya'yana suka watse, ban san inda suka nufa ba. Tun ranar ban runtsa ba. Ko akuya ta taka tsakuwa sai gabana ya faɗi. Ran nan sai ga ruwa mai ƙamshi ya gangaro mini. Na shaƙa. Malam, na yi barci. Kwana arba'in ina barci kamar jinjira. Sannan aka yanke, babu sallama. Na yi jifa don a tuna da ni, sai aka aiko mini da barkono."

Talatu ta juya ta dubi mijinta. Ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

"Kin shiga jikin baiwar Allah da ba ta yi miki laifi ba," in ji Malam. "Fita za ki yi."

"A ci gaba da zuba mini, ni kuma in tsare gidan. Ɓarawo ba zai shigo ba, kunama ba za ta shigo ba."

"Gidan Musulmi ba ya ba aljani kaso. Mai tsaronsa daban ne."

"To Alhamis da Lahadi kawai."

"Ko ran salla."

"Ɗigo ɗaya, Malam. Ɗaya tak. Kai ba ka taɓa kwana ido biyu ba?"

Malam ya sunkuyar da kai ya ci gaba da karatu. Muryar ta yi ƙara, ta yi zagi, ta koma kuka, irin kukan wanda bai da sauran ƙarfi. Sai Malam ya tsaya da karatun.

"Saurara. Abin da kike roƙon ɗigonsa, ciyawa ce Allah ya shuka da kansa. Ki hau duwatsun can wajen Hirafok, ki bi kwazazzaban da ke sama. Na taɓa kiwo a can ina saurayi. Irinta na nan a tsagar duwatsu, in iska ta kaɗa har rigarka sai ta ɗauka. Babu katafila, babu mai akwatin ƙarfe."

"Ƙarya kake."

"Ban taso daga Abalessa don in yi wa tsohuwa ƙarya ba."

Daga nesa ladan ya ɗaga murya.

"In na je ban samu ba?"

"Ki zo lambuna ki jefe ni. Amma nan kin bar shi har abada. Rantse."

Ta rantse, sau uku, yadda ya faɗa mata. Bilkis ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta. A waje aka ji tsakuwa suna gangarowa daga kan dutsen, suna nisa, suna nisa, har aka daina ji.

Malam ya kwana a masallacin unguwa. Washegari da yamma ya dawo yin sallama. Rufin kwano shiru, tsakar gida fes. Amma Bilkis tana zaune bakin ƙofar ɗaki, rana tana faɗuwa, hannunta dafe da ƙirjinta, gumi yana tsattsafo mata a goshi.

Alhaji ya zabura. "Allah gafarta Malam, ba ta fita ba ke nan?"

"Baƙuwar ta tafi. Wannan na yarinyar ne, da shi baƙuwar ta same ta. Ku daina yi mata hayaƙi, ku zauna da ita ku ji abin da ta gani a rairayin nan, in da hali likita ma ya gan ta. Man kuma ku mayar mata, na tambayi mai farmasin da safe, babu abin da ya haramta a cikinsa. Ruwan in ya huce a yi bisimilla a zuba a titi. Ina kwalbar?"

Gwamma ce ta yi magana daga kan katanga. "Ya dake ta, Malam. Kuma ita ce ta ƙarshe a farmasin. Sai motar Alje, babban birni, ta zo, wata mai kamawa in an yi sa'a."

Malam ya dubi Alhaji, ya ɗauki sandarsa, ya yi sallama ya fita.

Talatu ta zauna kusa da 'yarta, ta kama hannuwanta biyu tana murzawa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Aljana ma an samar mata wurin barci, Alhaji. 'Yarka ce kawai ba ta samu ba."

Alhaji Abdulbaƙi ya daɗe a tsaye. Ya dubi yarinyar tana kokawa da numfashi, ya dubi ƙasa. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da rawani da wani tsohon buhu, ya tsaya jikin katanga, yana magana ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Gwamma, motar Hirafok a ina ake hawanta?"