Sunan Uwa a Kan Ciyawa

Akuya ce ta haɗa su, ba wani abu ba. Shekarar da aka raba kuɗin Udoji, Maitama yana durƙushe gindin ganuwa wajen Ƙofar Durbi, ya zuba wa wata 'yar ciyawa mai shuɗin fure ido, sai akuya ta kawo baki. Ya damƙe ta a wuya.

"Malam, sakar mini akuya," in ji wata budurwa. "Ko ciyawar ta gidanku ce?"

Ya ɗago ya ga Mairo. Kafin ya dawo hayyacinsa, akuya ta cinye rabi.

Maitama ma'aikacin gona ne, ya karanci tsirrai a Zariya. A ofis ya tarar da kabad cike da busassun ganyaye manne a takarda, waɗanda wani Bature ya tara tun kafin yaƙin duniya. Ɗaya an laƙa mata sunan da ba nata ba. Ya auna ganye, ya tsaga fure, ya gwada da na littafi, ya ga duk duniya ba a taɓa raɗa mata suna ba. Ɗanyarta ya fito nema a ranar nan.

Daga ranar ya san hanyar gidan su Mairo.

"Malam Ciyawa, yau ma da ƙaiƙayi a wando?"

"Sanyin idona, sa'o'ina na bin kwangila, ni kuwa ke nake bi."

Mahaifinta, Alhaji Dabo mai atamfa a Babbar Kasuwa, ya fi son Atiku ɗan kwangila mai sabuwar Fijo. Mairo ta kafe sai Maitama. Har Alhaji ya fara saukowa, sai Maitama ya yi wauta. A ƙa'idar aikinsu, wanda ya gano tsiro shi ke raɗa masa suna. Ya sa wa ciyawar suna Mairo, ya kuma je yana faɗa da murna. Ya manta sunan mahaifiyar Alhaji ne, marigayiya, sunan da bakinsa bai taɓa furtawa. Uwa yake kiran 'yar.

"Sunan uwata bisa abincin awaki?" Alhaji ya ce kada ya ƙara taka masa zaure.

Mairo ta yi kuka, sannan ta share ido. "Baba, je ka ga aikin da idonka. In raini ne, na haƙura da shi."

Alhaji ya je ofis da fushinsa. Maitama ya buɗe kabad.

"Wanga fa, sunan wa gare shi?"

"Na Baturen da ya tsinto shi, Alhaji."

"Wanga?"

"Na matarsa."

"Daga dajinmu aka ciro su?"

"Duka."

"Ba ɗan Katsina ko ɗaya?"

"Babu."

Alhaji ya nuna mai shuɗin furen. "In an rubuta, wa ke iya gogewa?"

"Ba kowa. Har a Ingila haka za su kira ta."

Alhaji ya gyara hula. "Bature zai karya harshe ya kira Uwa? Rubuta. Rubuta da manya. Ka turo magabatanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Alhaji da kansa ya riƙa bin mutane a zaure yana cewa surukinsa ya kai Uwa inda Fijo ba ta zuwa. Allah Ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.